Yadda Muka Sauke Nauyin da Inna Ta Bari

Kakata ta wajen uba, wadda manya da yara a gidanmu muke kira Inna, ta rasu a cikin birnin Kano da damunar shekarar 2024, bayan jinyar da ba ta daɗe ba, kuma ni aka ɗora wa aikin rubuta duk abin da ta bari, da abin da ake bin ta, da abin da take bin mutane, har zuwa ranar da aka raba gadonta. Dalilin zaɓena shi ne mahaifina ya riga ta rasuwa, kuma a shari'a jikan da ubansa ya riga kakarsa tafiya ba ya cin gadonta matuƙar tana da ɗa namiji a raye. Saboda haka babban baffana ya ce wanda ba shi da kaso a dukiya shi ya fi cancanta ya riƙe biro da takarda, domin babu mai zarginsa da son kai. A cikin wannan aiki ne na fahimci rayuwar matar da ta rene ni, fiye da abin da na fahimta a duk shekarun da na yi ina kwana a bayanta.

Babu wanda ya san shekarar haihuwar Inna da tabbaci, domin a zamaninsu ba a rubuta haihuwar 'ya'yan talakawa, sai dai a danganta ta da wani babban abin da ya faru. Ita da bakinta takan ce an kawo ta gidan miji daga ƙauyensu da ke gabas da Kano a shekarar da Sarki Abdullahi Bayero ya rasu, wato 1953, kuma tana goyon ɗanta na fari lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo ƙasar nan a 1956. Da wannan lissafi muka ƙiyasta cewa ta kai shekara 85 ko ta ɗan haura. Ta haifi 'ya'ya tara, uku suka koma tun suna ƙanana, mahaifina ya rasu da girmansa, suka rage biyar, maza biyu da mata uku. Ban da waɗannan, ita ta ƙarasa renon 'ya'yan kishiyarta bayan rasuwar mahaifiyarsu, sannan ta riƙe jikoki da 'ya'yan dangi da yawa, har ma ba kowa ba ne a unguwa yake iya bambance wanda ta haifa da wanda ta riƙe.

Ta cika ne bayan sallar asuba, kuma kafin azahar an kai ta makwancinta. Ba a sha wahalar neman komai ba, domin a cikin adudunta aka tarar da likkafanin da ta sayo tun lokacin da ta je aikin hajji, ta jiƙa shi da ruwan zamzam ta shanya, tare da kafur da turare da sabulu, har da kuɗin masu haƙa kabari a ƙulle a gefe guda. Babbar gwaggona da aminiyar Inna da wata malama ta unguwa suka yi mata wanka da ruwan ganyen magarya, suka sa kafur a wanka na ƙarshe, suka suturta ta da ƙyalle bakwai kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka so ga mace. Yayana da ke cikin masu ɗaukar makara ya shaida mini cewa kafin a yi kabbara, liman ya tambayi jama'a ko akwai mai bin ta bashi, sai babban baffana ya matso gaba ya ce duk wanda yake bin mahaifiyarsu ko da kwabo ne, daga wannan lokaci bashin ya koma kansa.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki. A cikin masu zuwa gaisuwa na lura da wasu mata da ban taɓa sanin suna da wata hulɗa da Inna ba, waɗanda idan sun gama cewa «ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, ya sa can ya fi mata nan», sai su matsa kusa da Gwaggo su yi mata raɗa, ita kuma ta gyaɗa kai ta ce su dawo bayan an share makoki. An sami ɗan saɓani a kan sadakar bakwai da ta arba'in, domin ƙaramin baffana yana bin Izala, sauran kuwa 'yan ɗarikar Tijjaniyya ne kamar Inna. Aka daidaita a kan cewa mai son yin sadaka ya yi daga aljihunsa, ba za a taɓa ko sisi daga dukiyar mamaciya ba. Ni a ganina wannan matsaya ta yi daidai, domin na sha ganin gidajen da aka ƙarar da abin da mamaci ya bari wajen gumba da waina da shinkafar baƙi, alhali masu bin sa bashi suna gefe suna jin nauyin yin magana.

Bayan an watse, Baffa ya kai ni wurin wani malami da ya shahara a unguwarmu da ilimin rabon gado. Na durƙusa na gaishe shi, na ce: «Allah gafarta Malam, ta ina za mu fara?» Ya ce mu fara da abin da ba nata ba, domin ajiyar mutane ba ta shiga dukiyar mamaci ko kaɗan; daga nan sai a fitar da kuɗin jana'iza, sai a biya basussuka, sai a zartar da wasiyya daga kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage, abin da ya saura bayan haka shi ne gado. Ya tuna mana da hadisin da ya nuna cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, sannan ya gargaɗe ni musamman, ya ce: «'Yata, kada ki bari a ce wai wannan kayan mata ne, 'ya'ya mata su kwashe kawai. Allura ma idan tata ce, ki rubuta.» Daga baya na gane hikimar wannan gargaɗi, domin a gidaje da yawa ana raina dukiyar tsohuwa, a bar ta ga wanda hannunsa ya riga kaiwa, kuma daga nan ne gaba take tsira tsakanin 'yan uwa.

Mun buɗe ɗakin a gaban 'ya'yanta biyar da aminiyarta, wata dattijuwa maƙwabciya da suka yi fiye da shekara 60 tare. Na san ɗakin ciki da waje, amma ban taɓa ganin an sauke jeren da ke bayan gado mai rumfa ba. Aka fara sauko da kwalla da samira da langa da fanteka ɗaya bayan ɗaya, waɗansu fentinsu ya dusashe, waɗansu kuwa ba a taɓa zuba komai a cikinsu ba tun da aka saye su. A cikin wata babbar samira ta can ƙasa muka tarar da ƙulle-ƙulle masu yawa, kowanne an ɗaure shi da ƙyallen atamfa dabam, babu rubutu a jikin ko ɗaya, domin Inna ba ta yi boko ba, karatun allo kawai ta yi. Muna tsaye muna kallon juna, sai aminiyarta ta ce a miƙo mata samirar. Ta ɗauki ƙulli na farko ta juya shi a hannunta, ta ce wannan na matar mai yankan farce ne, kuɗin haihuwa take tarawa. Ta ɗauki na biyu, ta ce wannan na wani almajiri ne da ke yi wa Inna ɗiban ruwa, yana tara kuɗin motar komawa gida. Ashe duk wadda ta kawo ajiya, Inna takan sa ta zo da ƙyalle daga irin zanen da aka san ta da shi, sannan duk ranar Juma'a ta lissafa wa aminiyar abin da ya shigo da abin da ya fita, don kada mutuwa ta zo a rasa mai shaida. Na rubuta kowane ƙulli da sunan mai shi da adadin da aka ƙirga a gaban kowa, kuma da masu ajiyar suka zo, muka riƙa tambayar kowacce nawa ta sani kafin mu kwance nata. Babu wanda aka sami ragi a cikinsa.

A wata ƙaramar tasa kuma muka sami tsofaffin kuɗi, kwabo mai huji da sisi da sule, irin waɗanda aka daina karɓa bayan da naira ta maye gurbin fam a farkon 1973, tare da wasu takardun naira na da. Ganin waɗannan takardu ne ya sa aminiyar ta ba mu labarin da ko 'ya'yan Inna ba su sani ba. Ta ce a watan Afrilu na 1984, lokacin da gwamnatin soja ta canza launin takardun kuɗi ta kuma ba da gajeren wa'adi, akwai ajiyar wasu mata biyu a hannun Inna da suka yi tafiya, kuma kafin a sami mai kai kuɗin banki wa'adi ya cika. Malamai sun gaya mata cewa ba dole ba ne ta biya, tunda ba sakacinta ba ne, amma ta ce ba za ta iya haɗa ido da matan ba, sai ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya ta mayar musu da kuɗinsu cif. Tun daga lokacin, duk wadda ta kawo ajiyar da za ta daɗe, Inna takan shawarce ta a saya mata akuya ko kwano, a bar ajiye takarda.

Daga bakin wannan dattijuwa da na babbar gwaggona na haɗa tarihin yadda gidan ya tsaya da ƙafarsa. Kakanmu yana aikin awo ne a wurin wani attajiri mai sayen gyaɗa, a zamanin da dalar gyaɗa take tsaye a Kano. Da farin 1973 ya zo, sannan cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, harkar ta durƙushe, samunsa ya ragu ƙwarai, ga baki sun yi yawa a gida domin 'yan uwa daga ƙauye suna ta shigowa birni neman abinci. Inna tana cikin kulle, ba ta taɓa zama a kasuwa ba, amma daga tsakar gida ta ɗauki rabin nauyin ciyarwa. Gwaggo ta ce tun kafin kiran assalatu take tashi ta hura wuta, ta soya gyaɗa a kasko, a murje a fece ɓawon, a kai niƙa, sannan ta zuba a turmi tana juyawa da taɓarya tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso, ta kwashe shi a kwalabe, tunkuzar kuma ta murza ta soya ƙuli-ƙuli. Idan gyaɗa ta yi tsada sai ta koma koko da ƙosai. Duk da cewa sana'ar tana dogara ne da 'yan talla, lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, Inna ta cire autarta daga talla ta sa ta a makaranta, ta riƙa biyan wata yarinyar maƙwabta ladan ɗaukar faranti. Wannan auta ita ce gwaggona da ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Na daɗe ina cin ƙuli-ƙulin Inna ina ganinsa abin marmari, sai a wannan zama na san cewa da shi aka biya kuɗin littattafan mahaifina.

Adashi ne ya fi ba mu aiki. Inna ce uwar adashin wasu matan unguwa, ana zubi duk mako, kuma ta rasu zagayen bai ƙare ba. Waɗansu sun riga sun kwasa, waɗansu suna jiran nasu, ita kanta tana da hannu biyu a ciki, ta kwashi ɗaya, ɗayan bai zo ba. Muka tara matan a tsakar gida, kowacce ta faɗi matsayinta a gaban sauran, na rubuta. Malam ya yi mana bayani cewa zubin da ya rage mata a hannun da ta riga ta kwasa bashi ne a kanta, dole a cire shi daga dukiyarta, abin da ta zuba a ɗaya hannun kuwa haƙƙinta ne da zai dawo cikin gado. Matan suka zaɓi ɗaya daga cikinsu ta ƙarasa riƙon adashin har ya zagaya.

Basussukan da ake bin ta ba su da yawa: kuɗin gawayi, da ragowar kuɗin magani a wani kantin unguwa, da ladan wata mai kitso. Baffa ya biya su a rana guda, aka mayar masa daga dukiyar. Waɗanda take bi ne suka ba mu mamaki, domin babu wata takarda da ta nuna su, masu bashin ne da kansu suka riƙa zuwa. Wani magidanci mai gyaran keke ya zo da daddare ya ce Inna ce ta ranta masa jarin da ya fara sana'a, ya biya rabi, ta ce ya dakata sai ya aurar da 'yarsa. Wata bazawara ta ce buhun gero Inna take bin ta tun azumin da ya wuce. Ƙaramin baffana ya so a yafe wa kowa, amma Malam ya ce bashin ya zama haƙƙin magada, kowane magaji kasonsa kaɗai yake da ikon yafewa. Aka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, duka suka yafe wa bazawarar, mai gyaran keke kuwa ya ƙi karɓar yafiya, ya ce shi yana da hali yanzu, kuma ya cika alkawarinsa kafin ranar rabo.

Sai maganar wasiyya, wadda ita ce ta fi taɓa ni. Shekaru kaɗan kafin rasuwarta, Inna ta kira limamin unguwa da wani dattijo maƙwabci, ta shaida musu cewa idan ta mutu a ba 'ya'yan marigayi ɗanta, wato ni da yayana da ƙanwata, kashi ɗaya cikin uku na abin da ta bari, liman kuma ya rubuta da ajami ya ajiye. Ba ta taɓa gaya mana ba. Ta san cewa baffanninmu za su shamakance mu daga gado, ta kuma san cewa shari'a ta hana yin wasiyya ga magaji amma ta halatta ta ga wanda ba ya gado, muddin ba ta wuce sulusi ba, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Da aka karanta takardar sai na ajiye biro, na ce wa Baffa tunda yanzu ina da rabo a dukiyar, ya kamata a nemi wani ya ƙarasa rubutun. Ya ce in ci gaba, amma daga ranar autar gwaggona ta riƙa zama kusa da ni tana duba kowane layi tana sa hannu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta toshe ƙofar da ta sha raba zumunci a gidajen masu ilimi, kuma ina ganin duk kakan da ke riƙe da marayun jikoki ya kamata ya yi irin wannan tanadi tun yana da lafiya.

Wuri ɗaya ne aka yi ja-in-ja mai zafi. A ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe cike da sababbin kwanuka da tukwane da atamfofi da zannuwan gado, waɗanda kowa a gidan ya san Inna tana tara su ne don auren ƙanwata. Gwaggonnina suka ce ai wannan kyauta ce, babu ruwan gado da ita. Ƙaramin baffana ya ce shi ba ƙyashi yake yi ba, amma yana son a tambayi hukunci, kada a ci haram da sunan tausayi. Maganar ta yi tsami har wata gwaggo ta tashi ta bar ɗakin tana kuka. Da aka koma wurin Malam, ya tambaya ko Inna ta taɓa damƙa wa yarinyar akwatin ko mabuɗinsa, aka ce a'a, mabuɗin yana ɗaure a gefen zanenta har ta cika. Ya ce a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka yi wa ya karɓe ta a hannunsa kafin mai kyautar ya rasu, don haka akwatin dukiyar gado ne, sai dai idan magada sun ga dama su bar wa yarinyar bayan kowa ya san haƙƙinsa. Abin da ya faru ke nan: aka yi wa kayan kuɗi, aka shigar da su lissafi, sannan magada biyar suka sallama kasonsu a ciki, kuma baffan da ya tayar da maganar shi ya fara sallamawa. A lokacin na ji zafinsa a raina, amma yanzu ina ganin ya yi wa ƙanwata gata, domin babu wanda zai tashi wata rana ya goranta mata cewa da kayan gadonsa aka yi mata jere.

Ƙiyasta kuɗin kaya ya ɗauki lokaci. Muka kira dillaliya biyu da ba su san juna ba suka yi wa kwanuka da tufafi kuɗi, muka ɗauki tsaka-tsakin abin da suka faɗa, sababbin atamfofi kuma aka gwada su da farashin Kantin Kwari. Sarƙarta da zobenta aka kai wa masu sayar da gwal suka auna a gaban baffannina biyu. Ɗakin da take ciki shi ma ya shiga lissafi, domin lokacin da kakanmu ya rasu matansa biyu suna raye, suka raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadonsa, a tsakaninsu, kuma ɗakin ne aka ba ta a matsayin kasonta. Daga nan muka tafi ƙauyensu ni da Baffa da yayana, inda take da gona ɗaya da ta gada daga mahaifinta, da awaki da tumaki da ta rarraba wa dangi kiwo. A gaban dagaci maƙwabtan gonar suka nuna iyakoki, masu kiwo kuma suka fito da dabbobin. A can na ji cewa duk shekara idan an yi girbi, Inna ba ta karɓar komai daga amfanin gonar sai abin da za ta yi kunun azumi da shi, sauran takan ce a bar wa ƙanenta da ya makance da iyalinsa. Wani tsoho ya riƙe hannun Baffa ya ce: «Ɗana, uwarku ba ta taɓa zuwa garin nan hannu sake ba, ba ta kuma taɓa komawa da abin da ya kai wanda ta kawo ba.»

Ranar rabo aka shimfiɗa tabarmi a zaure, Malam ya zauna, mai unguwa da liman suka halarta a matsayin shaidu, mata kuma suna daga soro na ciki inda suke jin komai. Na karanta jimillar dukiya, da abin da aka fitar na bashi, da sulusin wasiyya. Abin da ya rage Malam ya kasa shi kashi bakwai, bisa aya ta 11 a cikin Suratun Nisa'i wadda ta ba namiji rabon mata biyu: kowane baffa ya sami kashi biyu, kowace gwaggo ta sami kashi ɗaya. Ba a sayar da komai ga bare ba. Wanda yake son wani abu sai a lissafa masa shi a cikin kasonsa, idan ya haura ya cika kuɗi, idan ya gaza a cika masa. Babban baffa ya ɗauki ɗakin, gwaggonni suka raba zinariya da kwanuka da tufafi, gonar kuma ta faɗa a kason ƙaramin baffa, wanda ya yi alkawari a gaban shaidu cewa iyalin makahon kawunsu za su ci gaba da nomanta. Ni a cikin kasona na wasiyya na roƙi a lissafa mini turmi da kaskon suyar gyaɗa, dillaliya ma ta ce ba su da wani kuɗin kirki, amma aka rubuta musu farashi kamar kowane kaya.

'Ya'yan kishiyar Inna suna zaune a wurin tun farko har ƙarshe, ba su da gado a dukiyarta ko da yake ita ta yi musu aure ɗaya bayan ɗaya. Kafin a shafa fatiha, Malam ya karanto aya ta 8 a cikin surar, wadda ta yi umarni da cewa idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Babbar gwaggo ta shiga ta fito da carbin Inna da dardumarta da mayafin da ta yi hajji da shi, waɗanda suka faɗo a kasonta, ta miƙa wa babbar 'yar kishiyar, ta ce: «Yaya, ke kika fi mu daɗewa kina yi mata hidima, ke ya kamata ki riƙe waɗannan.» Sauran magada ma kowa ya fitar da wani abu, aka haɗa da aminiyarta da almajiran da ke mata aike. Daga nan kowa ya sa hannu a takardar, waɗanda ba sa rubutu suka dangwala yatsa, aka yi kwafi aka ba kowane gida.

Ƙulli ɗaya ne ya rage a samirar bayan an gama komai, na wata mata mai sayar da tabarmi da takan zo daga Damagaram ta sauka a wurin Inna, wadda ta daina zuwa shekaru biyu kafin rasuwar. Malam ya hana a yi sadaka da kuɗin, ya ce a ci gaba da cigiya. Yayana ya riƙa tambayar direbobi da fatake masu bin hanyar Daura zuwa Nijar, har aka dace da wanda ya san unguwarsu, ya kawo labarin cewa matar ta rasu amma 'ya'yanta suna nan. Babban ɗanta ya zo Kano da ɗan uwansa, ya faɗi launin zanen mahaifiyarsa kafin a nuna masa ƙullin, aka ƙirga kuɗin a gaban mai unguwa aka damƙa masa, na rubuta ranar a shafin ƙarshe na littafin na mayar wa Baffa. Tuwon da Inna take yi wa almajirai duk daren Juma'a kuwa ba ya cikin wasiyya, amma gwaggonnina uku sun karɓe shi, kowacce da makonta, kuma idan makon autar ya zo ni nake zuwa in tuƙa.